Fim da rashin jin ƙamshi: abin da ake nunawa da abin da ake tsallakewa

Mai shirya fim kayan aikinsa biyu ne kacal, hoto da sauti. Idan yana so ya nuna mutum ya makance, sai ya dusashe hoton ko ya baƙanta allon, mu ma mu makance tare da shi na ɗan lokaci. Idan kurumcewa ce, sai ya janye sautin. Haka aka yi a fim ɗin Sound of Metal, labarin wani makaɗin ganga da kunnensa ya fara mutuwa: ana cikin kiɗa sai sautin ya koma wani gunji can ƙasa-ƙasa, mutane na gabansa bakinsu na motsi amma magana ba ta isowa. Mai kallo na jin abin a jikinsa, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oska ta sauti a 2021. To idan hanci ne ya mutu fa, me za a janye? Mai kallo dama tun da ya zauna gaban allo ba ya jin ƙamshin komai na cikin fim. Waɗanda suka yi zamanin silimar Dunia a unguwar Nima ta Akra sun sani, jaruma na can tana sansanar fure a lambu, kai kuwa abin da ke shiga hancinka gyaɗar na kusa da kai ce da zufar jama'a.

Ba wai ba a gwada ba. A 1960 an fitar da wani fim a Amurka mai suna Scent of Mystery, aka ja bututu zuwa kujerun 'yan kallo, wata na'ura tana feso ƙamshi iri-iri har kusan 30 daidai da abin da ke faruwa a allo, daga na fure zuwa na tabar lofe. Abin bai yi armashi ba. Bututun na huci ana ji, wasu kuma ƙamshin ba ya isa gare su sai an wuce wurin. Silima ƙalilan aka yi wa haɗin, aka tafka asara, aka watsar. An ci gaba da 'yan gwaje-gwaje nan da can, amma har yau hanci a fim sai dai a ba da labarinsa da baki, ko a karanta shi a fuskar ɗan wasa.

Wannan ƙarancin kayan aiki shi ya sa fina-finan da suka taɓo matsalar suke yawan bin turba ɗaya. Sai a ɗauko mutumin da hancinsa ne jarinsa, kuku ko mai haɗa turare, don mai kallo ya yarda lalle an yi rashi. A wani fim na Faransa, Les Parfums, wanda ya shiga silima a 2020, tauraruwar gwana ce wajen haɗa turare, sai hancinta ya ɗauke na wani lokaci, sunanta ya zube a sana'ar. Ko da ya dawo ba ta koma matsayinta ba. Ta koma karɓar ayyuka irin su neman dabarar ɓoye warin wata masana'anta, kullum cikin fargabar ranar da abin zai sake waiwayo ta. Fim ne mai natsuwa, kuma ya kama fargabar nan da kyau. Sai dai mai kallo zai tashi da cewa matsalar ta ƙwararru ce. Da tela ne ko direban trotro ya rasa nasa hancin, da wuya a ga labarinsa ya isa fim.

Sai kuma ɗabi'ar mai da ciwon ya zama ishara ga wani ciwo na zuciya. A fim ɗin Ang Lee na Taiwan, Eat Drink Man Woman, na 1994, wani tsohon kuku ne matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya'ya mata uku. Duk Lahadi sai ya cika teburi da abinci na alfarma, alhali shi kansa ya daina jin ɗanɗanon abin da yake dafawa, a wurin aiki ma abokinsa ke ɗanɗana masa. A zauna ana ci, kowa da abin da ke cinsa a rai. A ƙarshen fim, bayan kowa ya kama gabansa, ya kurɓi miyar da 'yarsa ta dafa, ya fara yi mata ƙorafin citta ta yi yawa, sai ya tsaya cak, ashe ya ji. Wuri ne mai sosa rai, ban musa ba. Amma a lura da abin da aka faɗa mana: zumunci ne ba shi da lafiya, kuma da ya gyaru sai baki ya warke a cokali ɗaya.

'Yan barkwanci sun gano wannan ɗabi'ar har sun yi mata shaƙiyanci. A Walk Hard na 2007, wanda ke kwaikwayon fina-finan tarihin mawaƙa, yaro ya sare ɗan'uwansa da adda bisa kuskure, firgicin ya sa ya daina jin ƙamshi, aka riƙa jinjina abin kamar makantar mawaƙi Ray Charles. Dariyar gaba ɗaya a kan zato ɗaya ta tsaya, wato kowa ya san rashin ƙamshi bai kai a kira shi musiba ba.

Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne Perfect Sense na David Mackenzie, 2011. A birnin Glasgo na Sikotlan aka yi shi, Ewan McGregor a matsayin kuku, Eva Green a matsayin mai binciken annoba. Wata cuta ce ta ɓulla a duniya: mutum na zaune lafiya sai baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya tuna duk wanda ya rasa da duk wanda ya ɓata wa, ya yi ta sharɓar kuka, yana share hawaye sai ya tarar ƙamshi ya tafi. Daga nan yunwa ta hauka ta zo ta tafi da ɗanɗano, fushi ya tafi da ji, daga ƙarshe gani. Abin da ya burge ni a fim ɗin yana cikin kicin. Da ƙamshi ya tafi, gidan abincin bai rufe ba, sai suka ƙara gishiri, suka ƙara yaji da zaƙi da tsami. Da ɗanɗano ya bi baya, suka koma sayar da zafi da sanyi da laushi da ƙarar abu a ƙarƙashin haƙori. Wannan haka yake. Ben Cohen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin askirim na Ben & Jerry's, ba ya jin ƙamshi sosai, shi ya sa ya dage a riƙa zuba manyan gutsattsarin cakulan da gyaɗa a ciki don baki ya sami abin taunawa. Inda fim ɗin ya juya magana shi ne tsarin kukan. Ya sa baƙin ciki a gaba, rashi a baya. A zahiri rashin ke fara zuwa, ba sallama, sannan baƙin cikin ya biyo a hankali cikin watanni, galibi mutum shi kaɗai, don na kusa da shi ba su ga ciwo a jikinsa ba.

Don a gane inda fim ya dace da inda ya kauce, sai an san yadda hancin ke aiki. Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wata 'yar shimfiɗar fata mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin jijiya. Kowace tana da nau'in makamar da take cafke ƙwayar ƙamshi da ita, kuma ɗan Adam na da irin waɗannan makamai wajen nau'i 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano su a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Daga waɗannan ƙwayoyi siraran zaruruwa ke fita, su ratsa wani ƙashi mai hudoji kamar rariya, su shiga ƙwaƙwalwa. Saƙon ido da na kunne sai sun yada zango a wata tasha ta tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin su wuce, na ƙamshi kuwa kusan kai tsaye yake faɗawa sassan da ke kula da shauƙi da tsoro da tuna baya. Shi ya sa turaren wuta irin na wani ɗaki zai dake ka a bakin titi, sai ga kakarka tsaye a ranka.

Harshe kuwa aikinsa bai kai yadda muke ɗauka ba. Abu biyar yake rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗin nan na romon nama da daddawa. Raɗaɗin barkono da sanyin na'ana'a ma wata jijiya ce daban ke ɗauko su. Duk sauran abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin da muke tauna. Gwada da kanka. Toshe hanci ka kurɓi sobolo mai sanyi, za ka ji tsami, ka ji zaƙi, ka ji citta na yi maka susa a wuya, amma kanumfari da abarbar da aka dafa shi da su babu labarinsu. Saki hancin, nan take su bayyana. Saboda haka yawancin masu zuwa wurin likita da kukan bakinsu ya mutu, idan aka gwada sai a tarar harshe lafiya lau, hanci ne ya tafi.

Abin da ke kashe shi ba rasuwar mata ba ne ko laifin ƙuruciya. Mafi yawa mura ce da ciwon kogunan hanci, ko wani tsiro da ke fitowa a ciki ya tare hanyar iska. Akwai ƙwayoyin cuta da ke lalata shimfiɗar kanta. Akwai buguwar kai, wanda ya shafe mu ƙwarai a garin da matasa ke hawa okada ba hular kwano: ƙeya ta bugi kwalta, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin kwanya, siraran zaruruwan nan su tsinke a bakin hudojin ƙashin. Mutum ya tashi daga asibiti ana barka da arziki, sai bayan makonni ya lura bai ji ƙamshin komai ba tun ranar. Akwai tsufa. Akwai cutar makyarkyata ta Fakinsan, wadda raunin ƙamshi kan riga rawar hannu zuwa da shekaru. Wasu kuma haka aka haife su.

Sai korona ta zo ta mai da abin da ke ɓoye ya zama zancen kowa. A ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyun farko a Gana, ranar 30 ga watan aka kulle Akra da Kumasi na mako uku. A daidai lokacin likitocin hanci a Turai suka fara shelar cewa ga wata alama da ba a lissafa ba, mutum ya wayi gari ƙamshi ya ɗauke ɗif alhali hancinsa ba a toshe yake ba. Birtaniya ba ta saka ta a jerin alamomin cutar a hukumance ba sai 18 ga Mayu. Masu bincike a Jami'ar Habad sun nuna a wannan shekarar cewa ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin, ba jijiyoyin kansu ba, shi ya sa akasarin mutane ke warkewa cikin makonni. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa sun jima ba su dawo daidai ba.

Wata gwaggona da ke sayar da wake da shinkafa a Mamobi na cikin waɗanda ya kama a farkon 2021. Dafa waken bai ba ta wahala ba, don karan dafi da kanwa hannu ya san awonsu, ido ya san launin. Shito ne ya gagare ta. Shekara da shekaru da hanci take sanin lokacin da albasa da busasshen kifi da barkono suka soyu a cikin mai, kafin su tsallaka zuwa ƙonewa, tsakanin biyun kuwa mintoci ne. Sai ta koma tsayar da jikarta a gefen murhu tun asuba.

"Ke 'yar nan, matso ki sansana min. Ya yi?"

"Hajiya, ya fara ƙauri fa."

"To sauke, sauke maza."

Ba ta gaya wa masu saye ba, don a lokacin wanda ya ce ba ya jin ƙamshi kamar ya yi shelar yana da korona ne, layin gaban teburinta zai watse. Abinci kuwa ta rage ci har zanenta ya fara yi mata yawa. Ana ce mata ta gode Allah tunda numfashi bai sarƙe ba, kuma ta gode, amma maganar ta tsaya nan.

Bayan kamar wata uku hancin ya fara dawowa, a nan ne aka shiga babin da ban ga fim ya taɓa ba. Albasa ta shiga mai sai ta ji warin kwata. Soyayyen ƙwai kamar an ƙona roba, nama kamar ya kwana uku. Likitoci sun san wannan sarai: jijiyoyin ƙamshi na cikin ƙalilan a jiki da ke sake tsirowa, amma yayin da suke tsirowa ba duka suke komawa aiki lokaci guda ba, sai saƙon ya isa ƙwaƙwalwa a gurguje, ita kuma ta fassara shi da ɗoyi. Abubuwan da suka fi tayar da shi su ne kofi, albasa, tafarnuwa, ƙwai da soyayyen nama, wato kusan duk abin da tukunyar Zango ke farawa da shi. Wasu ma sukan ji warin hayaƙi ko na wayar wuta da ta ƙone a ɗakin da babu komai. Da yawa daga masu fama sukan ce gara shirun farko da wannan. Mai fim ya fi son rashi tsantsa, don yana da kyan gani, a nuna jarumi ya kai fure hanci ya girgiza kai. Mace tana yunƙurin amai a kan miyar da ta dafa wa 'ya'yanta kuwa ba ya shiga waƙa.

Ga kuma haɗari. Iskar gas ta girki ba ta da wari a asalinta, da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a ji idan ta tsiyaya. Al'adar ta yi ƙarfi ne bayan 1937, lokacin da gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a jihar Tezas ta Amurka ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. Duk wanda yake unguwar Madina ta Akra a daren 7 ga Oktoba 2017 ya ga abin da gas ke iya yi, lokacin da tashar gas ta fashe a mahaɗar Atomik. Yanzu ka ɗauki gidan haya irin namu, ɗakuna a jere, silinda a lungun baranda ko ma a cikin ɗaki, robar bututu ta tsufa. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma ƙararrawar da gidan ke da ita kaɗai ita ce hancin matar gida. Haka miyar da ke firij bayan an ɗauke wuta dare guda, da hanci ake yanke mata hukunci. Haka kunzugun jariri. Har ruwan alwala: tun muna yara aka koya mana cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, ga wanda ya rasa na ukun, ya kuma raunana a na biyun, da ruwan da ya kwana biyu a jarka a gabansa. Sannan ga wata damuwa da ba a faɗa, mutum ya daina jin jikinsa. Ya yi wanka ya sake, ya zazzaga turare ranar Juma'a har na kusa da shi a sahu ya yi atishawa, shi kuwa bai san ko ya yi yawa ko bai isa ba.

A nan nake ganin uzurin masu fim ya ƙare. Gaskiya ne kyamara ba ta ɗaukar ƙamshi, amma duk abin da na lissafo ana iya ganinsa. Hayaƙi na tashi daga tukunya a bayan mace tana tsintar shinkafa ba ta waiwaya ba, mai kallo ya gani, ita ba ta sani ba, wannan ai ya ishi ɗan kallo ya miƙe tsaye. Fina-finan Kano da muke kallo a wayoyinmu, da na Kumasi da ake haska mana a bas, ba su rasa makaho da kurma da wanda mota ta buge ya manta matarsa ba. Mai girkin da ke ɓoye wa kishiya da uwar miji cewa hancinta ya mutu kuwa labari ne da ba ya buƙatar kuɗi, tsakar gida ɗaya da murhu sun isa.

Warkewar ma ba a cokali ɗaya take zuwa ba. Idan tsiro ne ko kumburi ya tare hanya, magani ko aiki kan buɗe ta, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, akwai sashensu a asibitin Korle Bu na Akra. Wanda ƙamshi ya ɗauke masa bayan buguwar kai, ko ta hanci ɗaya kawai, ko dattijon da abin ke ja baya a hankali ba tare da mura ba, bai kamata ya tsaya jiran shayin citta ba. Idan kuwa ƙwayar cuta ce ta yi ɓarnar, abin da aka fi samun shaida a kansa shi ne horar da hanci, dabarar da Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Diresdin na Jamus suka wallafa a 2009. Ƙamshi huɗu suka yi amfani da su, furen wardi, lemun tsami, kanumfari da yukaliftus, irin ƙamshin da ke cikin man shafawa na mura. Ana sansanar kowanne na 'yan daƙiƙoƙi, safe da yamma, har mako 12, mutum na ƙoƙarin tuno yadda abin yake a da. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma wanda ya yi wa, kaɗan-kaɗan yake gani, yau ɓurɓushin lemo, bayan wata guda wani abu mai kama da kanumfari, shi ya sa likitoci kan ce a zarce watanni. Ba dole sai waɗancan huɗun ba. Kimba, masoro, ɓawon lemo da kanumfarin da ake aunawa a kasuwar Nima ranar Laraba za su yi, a zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi, a riƙa sauya su idan ƙarfinsu ya ragu. Kafin hancin ya dawo, silinda ta koma waje, a sa wani ya riƙa duba bututun da ruwan sabulu, a kuma rubuta ranar da aka dafa miya a jikin robarta kafin a saka a firij.